JIKI MAGAYI: YADDA CIWON DAMUWA KE HANA MUTUM JIN JIKINSA

Tun daga aji ɗaya na firamare mu kan koya wa yara cewa hanyoyin da mutum ya ke sanin abin da ke kewaye da shi biyar ne, watau gani, da ji, da sansana, da ɗanɗano, da taɓawa. Wannan gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba, gama dukan biyar ɗin nan labarin waje su ke kawowa. To, wa ke gaya maka kana jin yunwa? Wa ke tashe ka da tsakar dare ya ce ka kewaya? Wa ke sanar da mai azumi, wajen la'asar a cikin bazara, cewa maƙogwaronsa ya bushe? Ashe akwai hanya ta shida, wadda ke kawo labarin abin da ke gudana a cikin jiki: bugun zuciya, da numfashi, da yunwa, da ƙoshi, da ƙishirwa, da zafi, da sanyi, da ciwo, da gajiya. A nan za mu kira ta jin cikin jiki.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi bayaninta a wannan shafi shi ne, binciken likitoci ya nuna ciwon damuwa ya kan ɓata wannan ji, kuma ɓacin ya fi yawa ga waɗanda ciwon ya kai su ga yunƙurin kashe kansu. Malamin makaranta kuwa ya fi likita ganin yaro, wani lokaci ma ya fi iyayensa. In ya san alamun, yana iya zama sanadin tsirar rai.

Bahaushe ya riga ya sani

Ku duba yadda mu ke magana. Murna ita ce farin ciki, ɓacin rai kuwa baƙin ciki. Wanda ya tsorata ya ce gabansa ya faɗi, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, ko tsikar jikinsa ta tashi. Wanda ya ji mugun labari ya ce jikinsa ya yi sanyi. Wanda ya hango abu tun bai auku ba ya ce, "Jikina ya ba ni." Kun ga da wuya Bahaushe ya faɗi halin da ransa ke ciki bai ambaci wani sashe na jiki ba. Magabata sun dunƙule wannan duka a kalma biyu, suka ce jiki magayi.

Masana na ƙasashen Turai sun biyo wata hanya suka iso wuri guda. A 1884 wani masani na Amurka, William James, ya ce tsoro ba kome ba ne illa jin abin da jiki ke yi. A ganinsa, in mutum ya gamu da naman daji, zuciya ce ke fara bugawa, gwiwa ta yi rawa, sa'an nan jin wannan shi ne tsoron. Waɗanda suka zo bayansa sun nuna ya ɗan zarce, don tunani ma yana da nasa rabo, amma tushen maganarsa ya tsaya. A 1906 kuma Charles Sherrington, mutumin Ingila, ya raba jijiyoyin ji kashi kashi, ya ware waɗanda ke kawo labarin kayan ciki, ya ba su sunansu dabam.

Yadda saƙon ke tafiya

A jikin zuciya da huhu da tumbi da hanji da manyan jijiyoyin jini akwai 'yan mitsi-mitsin na'urorin ji. Waɗansu suna auna yadda wuri ya miƙe ko ya takura, waɗansu suna auna abin da ke cikin jini. Suna aika labari zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin lakar gadon baya, da kuma ta wata doguwar jijiya da ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta ratsa ƙirji, har cikin ciki. Likitoci suna kiranta bagus, ma'anarsa da Latin mai yawo. Wajen kashi 80 cikin 100 na zaren da ke cikinta labari su ke kaiwa sama, sauran ne ke sauko da umurni. Watau jiki ya fi yi wa ƙwaƙwalwa magana bisa ga yadda ita ta ke yi masa.

Yawancin labarin nan ba mu sanin ya iso, ƙwaƙwalwa ta kan yi aiki da shi a ɓoye, ta daidaita numfashi da gudun jini. Wanda mu ke sani kuwa ya kan taru a wani lungu na ƙwaƙwalwa da ke naɗe a ciki, wajen saitin kunne ta sama, ana ce da shi insula, watau tsibiri. A 2002 Bud Craig na Amurka ya bayyana hanyar da saƙo ke bi zuwa wannan tsibiri. A 2004 Hugo Critchley da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraren bugun zuciyarsu, suka tarar waɗanda suka fi iya ji, tsibirin nasu na hannun dama ya fi motsi.

Mu mutanen Potiskum ba mu rasa misali ba, tun da garinmu garin manyan motoci ne. Direban da ya ɗauko shanu daga kara zai kai kudu ba ya ganin cikin inji. Agogon gaban mota ne ke gaya masa mai ya yi ƙasa, ko ruwa ya yi zafi. Agogon kuwa yana iya lalacewa iri biyu. Wani allurarsa ta riƙa rawa tana nuna ja alhali inji lafiya lau, direba ya yi ta tsayawa a hanya hankali tashe. Wani kuma wayarsa ta tsinke, allura ta kwanta, direba ya yi ta gudu har inji ya buga. Ku riƙe misalin nan, gama ciwon damuwa yana yi wa mutum duka biyun.

Gwajin da za a iya yi a aji

A 1981 wani Bajamushe, Rainer Schandry, ya fito da wata dabara mai sauƙi ta auna wannan ji. Ga yadda za ku gwada. A zauna biyu biyu. Ɗaya ya zauna shiru, ya ƙirga bugun zuciyarsa yadda ya ji shi daga ciki, ba tare da ya taɓa wuyansa ko ƙirjinsa ba. Abokinsa kuwa ya riƙe masa wuyan hannu a hankali yana ƙirga bugun jijiya. Malami ya duba agogo, a yi na sakan 25, sa'an nan 35, sa'an nan 45, a gwama lissafin biyu. Za ku ga wani ya kusa dacewa, wani ya ji rabi, wani ya ce bai ji kome ba. Za ku kuma ga wani ya rantse ya ƙirga daidai alhali ya yi nisa, wanda ke nuna iya ji dabam, zaton an iya dabam.

Amma fa a kula. Wannan darasi ne kawai, ba a gane mai ciwo da shi. Mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya ba su jin bugun zuciyarsu in suna zaune. Wanda kuma ya san zuciyar baligi ta kan buga tsakanin sau 60 da 100 a minti yana iya yin kintace ya dace. Masana da kansu sun yi ta kuka da wannan aibi na gwajin.

Mene ne ciwon damuwa?

Kowa ya kan yi baƙin ciki, in an yi masa rasuwa ko ya faɗi jarrabawa, kwana kaɗan ya warware. Ciwon damuwa ya wuce nan. Likitoci su kan ce an kamu da shi in mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, ransa a ƙuntace, ko ya daina jin daɗin abin da dā ya ke so, tare da waɗansu alamu: barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, cin abinci ya ragu ko ya ƙaru, kasala, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin kome ba, da yawan tunanin mutuwa. Ku lura, alamu da dama a cikin jerin nan na jiki ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai ibada da wanda ba ya yi, mai kuɗi da matalauci, kuma yana da magani.

Lalacewa ta fari: jiki ya cika ƙara

A 1960 wani likita mutumin Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta labarin wani ciwo da ya yi ta gani ga 'yan makarantar Nijeriya. Yaro zai zo ya ce kansa na zafi kamar an hura wuta, ko wani abu na yi masa tafiya a cikin kai, wuyansa ya riƙe, idonsa na yin dishi-dishi, in ya karanta shafi ba ya gane abin da ya karanta. A auna shi, ba a sami kome ba. Su 'yan makarantar suna kiran abin gajiyar ƙwaƙwalwa. Likitoci da yawa da suka biyo baya suna ganin, ga mafi yawan yaran, fargaba ce da damuwa suka fito ta jiki. A 1982 Peter Ebigbo na Inugu ya tsara jerin tambayoyi na irin waɗannan koke-koke don amfanin likitocin ƙasar nan.

Kada a ce halin baƙar fata ne. A 1999 an buga sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a ƙasashe 14, har da Ibadan a cikin garuruwan. An sami mutum 1,146 masu ciwon damuwa a cikin masu zuwa ganin likita, kashi 69 cikin 100 kuwa ciwon jiki kaɗai suka kawo kuka a kai. Amma ga abin lura: da aka tambaye su kai tsaye game da halin da ransu ke ciki, kashi 11 ne kawai suka musa. Sauran duk sun faɗa. Ashe ba ɓoyewa su ke yi ba, tambayarsu ce ba a yi ba.

Mai irin wannan hali ba ƙarya ya ke yi ba. Zafin kan da ya ke ji yana jinsa ƙwarai. Hankalinsa ne ya koma kan jiki, kowane ɗan motsi ya zama babba, ya fassara shi da mugun abu. Sai ya yi ta yawo daga kemis zuwa kemis, yau maganin zazzaɓi, gobe na taifot, jibi na gyambon ciki, kuɗi na ƙarewa, ciwo na nan.

Lalacewa ta biyu: jiki ya yi shiru

Wannan ita ce ta fi haɗari, don ba ta da kuka. Mutum ya wuni bai ci ba, bai kuwa ji yunwa ba. Ya yanke da wuƙa, sai da ya ga jini ya sani. A ba shi abincin da ya fi so, ya ce kamar ƙasa ya ke tauna. In ya sami bakin magana ya kan ce, "Jikina ya mutu," ko "Ji na ke kamar ba ni ba," ko "Ko kuka na kasa."

A 2015 Lauren Forrest da April Smith da abokan aikinsu a Amurka suka tambayi mutane game da yadda su ke gane saƙon jikinsu. Suka tarar waɗanda suka taɓa yunƙurin kashe kansu sun fi rauni a nan bisa ga waɗanda tunanin kawai suka yi. Wani bincike na 2018 ya yi amfani da tambayoyin da likita Wolf Mehling ya tsara a 2012, ya nuna masu tunanin kashe kai ba su cika amincewa da jikinsu ba, ba su jinsa wurin zaman lafiya ne.

Sa'an nan a 2020, a garin Tulsa na Amurka, Danielle DeVille da Sahib Khalsa da jama'arsu suka auna abin da na'ura. Suka ɗauki mutum 34 da suka yi yunƙurin kashe kansu a cikin shekaru biyar da suka wuce, da waɗansu 68 masu irin ciwonsu amma ba su taɓa yunƙurin ba. Aka sa kowa ya riƙe numfashi, ya tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara, ya kuma bi bugun zuciyarsa. Mutanen kashi na fari suka fi daɗewa riƙe da numfashi da kamar sakan 10, suka fi daɗewa a ruwan ƙanƙara da kamar sakan 18, bugun zuciyarsu kuwa ba su ji shi sosai kamar sauran ba.

Me ya haɗa wannan da kashe kai? Thomas Joiner, masanin halin ɗan Adam a Amurka, ya kawo wani bayani a 2005. Ya ce son mutuwa ya kan zo in mutum ya ga ya zama kaya a kan danginsa, ya kuma ga ba shi da kowa. Amma da yawa sun kai nan ba su aikata kome ba, sabo da an halicci jiki da tsoron ciwo da tsoron mutuwa, su ne katangar da ke tsare rai. Wanda ya saba da azaba har ya daina jinta, ko ya daina ɗaukar jikinsa nasa ne, katangarsa ta yi gajarta. Mutum ba ya tsaron gidan da ba ya jin nasa ne.

Ilmin nan sabo ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Mutanen da aka auna a Tulsa kaɗan ne, binciken kuwa bai raba wanne ya riga wanne ba, shirun jiki ko yunƙurin. A kan ciwon damuwa ma sakamako ya sha bamban: a 2007 Barnaby Dunn a Ingila ya tarar masu matsakaicin ciwo sun kasa masu lafiya wajen jin bugun zuciya, amma masu tsananin ciwo ba su kasa ba. Don haka babu wani gwaji guda da zai nuna wanda zai cuci kansa. Shirun jiki alama ce a cikin alamu, wadda ke cewa a matso kusa a tambaya.

Abin da ya shafe mu a Potiskum

Ƙasar nan ta ga tashin hankali. A watan Mayu na 2012 an kai hari kasuwar shanu. Ran 6 ga Yuli 2013 an kashe mutum fiye da 40 a makarantar sakandare ta Mamudo, yawancinsu ɗalibai. Ran 10 ga Nuwamba 2014 bam ya tashi a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta cikin gari, ya kashe fiye da 40. Allah ya jiƙansu. Yaran da suka ga waɗannan abubuwa, ko suka rasa 'yan'uwa a ciki, yanzu sun zama samari da 'yammata, waɗansu suna zaune a azuzuwan kwaleji, waɗansu har sun fara koyarwa. Da yawa sun warware da taimakon dangi. Amma likitoci sun san babban firgici ya kan bar waɗansu da ɗayan lalacewar nan biyu: ko ƙofa ta buga gabansu ya faɗi, ko kuwa su zama kamar itace, ba murna ba baƙin ciki.

Ga kuma wata matsala ta al'ada. Mu mutane ne masu yabon haƙuri da dauriya. Yaron da aka yi wa bulala bai motsa ba, a ce namiji ne. Yarinyar da ba ta kuka a ce mai kunya ce. Haƙuri abu ne mai kyau, amma mai haƙuri yana jin zafin ya daure. Wanda ciwo ya kashe wa jiki kuwa ba ya ji sam. A ido kamarsu ɗaya, sai wanda ya san yaron tun dā zai gane ya sāke. Makiyayi da dillalin kara ba su jiran saniya ta faɗi. Da sun ga ta ware daga garke, ta daina tuƙa, sun san da magana. Bai kamata malami ya kasa su lura da abin da aka ba shi kiwo ba.

Sai kuma ƙwayoyi. Samari da yawa da ke shan tiramol ko kodin cewa su ke yi suna so su daina jin gajiya ko tunani. Watau da hannunsu su ke tsinke wayar agogon. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. In ka kama yaro da ƙwaya, bayan horo sai ka bincika abin da ya ke gudun ji.

Kada kuma a ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma a 2021 shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. A Nijeriya, Farfesa Oye Gureje na Ibadan da jama'arsa sun tambayi manya fiye da 6,000, suka buga a 2007 cewa kamar mutum uku cikin ɗari sun taɓa tunanin kashe kansu.

Aikin malami

1. Ka san yaranka tun suna lafiya. Abin da za ka nema shi ne sākewa: mai surutu ya yi shiru, mai tsabta ya bar wanka, mai ƙwallo ya bar fili, mai ƙoƙari makinsa ya zube. A makarantar kwana ka duba wanda kwanonsa ke komawa da abinci, da wanda ke zaune a waje sa'ad da kowa ke barci.

2. Ka fara da tambayar jiki, don ita ce ƙofar da ba ta da kunya. Ka kira shi gefe, ba a gaban aji ba, ka ce, "Ɗana, yaya barci kwanan nan? Yaushe rabonka da jin yunwa? Abinci na yi maka daɗi?" Daga nan ka gangara, "To, yaya zuciyar?" In yarinya ce, ya fi kyau malama ta yi tambayar.

3. Kada ka yanke hukunci da kanka. Zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da ciwon sukari duk suna kawo kasala da faɗuwar gaba. A kai shi asibiti a auna. In an ce ba a ga kome ba, alhali yaron na nan yadda ya ke, a gaya wa likita zancen barci da ci da ƙuncin rai.

4. In ka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko gara a ce babu shi, ko ka ga yana rabar da kayansa, ko ka ga tabon rauni da ya yi wa kansa, to, ka tambaye shi a fili, da murya mai taushi: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane suna tsoron tambayar nan wai za ta sa masa abin a rai. An gwada. A 2005 Madelyn Gould ta yi bincike a kan 'yan sakandare fiye da 2,000 a jihar New York, ta tarar tambayar ba ta ƙara wa kowa wannan tunani ba.

5. In ya ce i, kada ka yi masa tsawa, kada ka fara da wa'azi, kada kuma ka yi alkawarin rufa asiri. Ka saurara har ya gama. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, tun ba maganin ƙwari na gona da tarin magunguna ba, a kulle su. Tsananin wannan tunani sau da yawa ya kan lafa bayan ɗan lokaci, wanda aka tsare a sa'ar nan yana iya rayuwa har tsufa. Ka sanar da shugaban makaranta da iyaye, a kai shi babban asibitin garin nan a ranar. In ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin koyarwa a Damaturu, da asibitin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Maiduguri.

6. In an ba shi magani, ka gaya wa iyaye ya kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, kada a yar da shi don an ga shiru, kada kuma a daina sai da iznin likita. Addu'a da magani ba su hana juna. A makonnin farko, da bayan an sallamo shi daga asibiti, a ƙara sa ido.

7. Ka taimake shi ya koma jin jikinsa. Ya ci abinci a kan lokaci ko bai ji yunwa ba, ya kwanta ya tashi a lokaci guda, ya yi tafiya ko wasa tare da 'yan'uwa. An tabbatar motsa jiki na rage ciwon damuwa marar tsanani. Yana iya zama minti biyar yana jan numfashi a hankali, fitarwa ta fi shaƙa tsawo, yana lura da abin da ya ji ba tare da ya tsorata ba. Wanda wannan zama ke tayar masa da tsohon firgici kuwa kada a tilasta shi. Waɗannan duka taimako ne, ba su maye gurbin likita.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a yi masa magani da mutunci. Amma doka ba ta shiga aji. Likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, malamai kuwa suna kowane ƙauye.

Daga ƙarshe, ya ɗan'uwa mai shirin zama malami, kai ma jiki gare ka. In kai ne ka yi makonni ba barci, abinci ya fita ranka, ko ka ji duniya ta ishe ka, kada ka ce kunya. Ka sami aboki, ko malamin da ka amince da shi, ko ma'aikacin asibitin kwaleji, ka gaya masa yau, kada ka bari sai gobe. Mutane da yawa sun shiga wannan hali sun fita, suna nan suna aikinsu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, mu ƙara da tambayar mai ita. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu riƙe amanar yaran da za a danƙa mana, amin.